Ku Tambayi Malam: Tsakanin Ƙararrawar Safe da ta Tashi

Yawancin wasiƙun da suka iso wa wannan fili a watan nan a kan makarantar firamare suke, kuma mun zaɓi shida daga cikinsu. Kamar yadda muka saba, mun sakaya sunayen masu tambaya da na makarantun da suka ambata, mun kuma taƙaita wasu wasiƙun saboda ƙarancin wuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana yana aji uku, kuma a zangon da ya wuce shi ne ya zo na biyar a ajinsu. Idan ya buɗe littafin karatunsa na makaranta sai ka ji yana karantawa tiryan-tiryan ba gargada, amma da na miƙa masa wani ɗan littafin labari da bai taɓa gani ba sai ya yi tsuru-tsuru, ya kasa fitar da ko layi ɗaya. Yaya wanda bai iya karatu ba zai zo na biyar? Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da kika gani hadda ce. A ajin da malami ke karanta layi yara su amsa gaba ɗaya, yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa yana iya haddace shafi guda cikin 'yan kwanaki, ya riƙa bin layin da yatsa yana faɗin abin da kunnensa ya riƙe, alhali idonsa bai rarrabe kalmomin ba. Idan daga wannan shafin aka ciro jarrabawar ƙarshen zango, to zai ci maki mai yawa. Shi kuwa matsayin da ake rubutawa a katin sakamako, iyakarsa ya nuna inda yaro yake tsakanin 'yan ajinsu, saboda haka idan ajin gaba ɗaya yana baya, na biyar ɗin ma a baya yake.

Kina iya tabbatarwa da kanki yau da yamma. Ki buɗe shafin da ya fi iyawa, ki rufe hoton da tafin hannu, ki ɗora yatsa a kan wata kalma a tsakiyar layi na huɗu, ki ce ya karanta miki ita kaɗai. Mai hadda za ki ga leɓensa yana motsi, ya koma farkon shafin yana lissafowa a ransa har ya iso inda yatsanki yake. Wanda ya iya karatu kuwa kalmar zai duba, ya rarraba ta gaɓa-gaɓa, ya faɗe ta, ko da a hankali ne.

Kada ki ɗauka ɗanki ne kaɗai. A 2019 Bankin Duniya da UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi, suka ƙiyasta cewa kashi 53 cikin 100 na yaran ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu suna kai shekara goma ba su iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi ba, kuma bayan rufe makarantu da aka yi lokacin annobar korona, ƙiyasin 2022 ya haura zuwa kashi 70. Da yawa daga cikin waɗannan yara kullum suna cikin aji, sunayensu na cikin rajista, ana kuma ciyar da su gaba duk shekara.

Magana yaro yana ɗaukar ta da kansa muddin yana cikin mutane, amma karatu sai an koya masa. Dole ya fara jin cewa kalma sautuka ce a jere, sannan ya san harafin da ke wakiltar kowane sauti, sannan ya iya haɗa baƙi da wasali su ba shi gaɓa, gaɓoɓi su ba shi kalma. Kwamitin da aka ɗora wa nazarin koyar da karatu a Amurka ya fitar da rahotonsa a shekarar 2000, inda ya sa waɗannan matakai a gaba, tare da karatu ba tangarɗa, yalwar kalmomi da fahimtar ma'ana. A Ingila kuwa, tun daga 2012 ake yi wa yara 'yan kimanin shekara shida wani gwaji na kalmomi 40, kuma rabinsu kalmomin ƙirƙira ne da ba su da ma'ana ko kaɗan. Hikimar ita ce kalmar da babu ita ba a haddace ta, sai dai a karanta.

Abin da zan ba ki shawara ba ya buƙatar malamin lasin. Ki ware minti goma sha biyar kullum, a lokaci ɗaya, ki fara daga inda ya tsaya ko da farkon farawa ne: ba, be, bi, bo, bu, sannan ta, te, ti, to, tu, sannan ki haɗa masa su ya karanta bita, tabo, tuba. Ki riƙa sauya jerin don kada wannan ma ya zama waƙa. Idan harshen da ake koyarwa da shi a makaranta ba shi ne wanda kuke yi a gida ba, to nauyi biyu ke kansa, koyon harshe da koyon karatu a lokaci guda, kuma tun 1953 UNESCO ta ba da shawarar a fara koya wa yaro karatu da harshen da ya tashi da shi. Wanda ya gane yadda haruffa ke aiki a harshe ɗaya ba sai ya sake ganowa daga tushe a na biyu ba.

Kada ki jira zango mai zuwa. Masanin nan Keith Stanovich ya bayyana a 1986 yadda tazarar ke faɗaɗa: yaron da ya iya karatu da wuri yana jin daɗinsa, sai ya ƙara yi, sai ya ƙara ƙwarewa, shi kuwa wanda ke shan wahala sai ya guje shi. Daga aji huɗu zuwa sama kusan kowane darasi, har da lissafi, ta hanyar rubutu yake zuwa. Ki je wa malaminsa da littafin nan a hannu, ki nuna masa abin da kika gani ba tare da zargi ba. Idan kuma kun yi 'yan watanni kuna ƙoƙari ba ki ga motsi ba, ki kai shi a duba idonsa da kunnensa, domin akwai yaran da ake kira daƙiƙai alhali allo ne ba sa gani daga inda aka zaunar da su.

TAMBAYA: Malam, 'yata tana aji biyu, kuma aikin gidan da ake ba ta bai wuce ta gama shi cikin minti ashirin ba. Ɗan maƙwabcina da ke wata makarantar kullum sai ya raba dare yana rubutu. Ina tunanin mayar da ita can, domin da alama sun fi dagewa. Daga wani mahaifi.

AMSA: Ɗan'uwa, ka bar ta inda take, in dai wannan ne kaɗai dalilin. Harris Cooper na jami'ar Duke a Amurka da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi a kan aikin gida suka buga a 2006, suka samu cewa alaƙarsa da cin jarrabawa a fili take ga 'yan sakandare, amma ga 'yan firamare ba ta taka kara ta karya ba. Ƙa'idar da malamai da yawa ke bi ita ce minti goma a kowane aji: ɗan aji ɗaya minti goma, ɗan aji biyu ashirin, ɗan aji shida awa ɗaya. Ka ga ke nan makarantar 'yarka a kan layi take.

Ɗan maƙwabcinka kuwa, abin da yake biya da shi barci ne. Likitocin barci na Amurka sun ce yaro daga shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12 a kowace rana, kuma wanda bai samu ba shi ne ke gyangyaɗi a darasin farko. Ban da haka, aikin da ya fi ƙarfin yaro yawanci babba ne ke ƙarasa shi, sai malami ya duba littafi mai kyau ya ɗauka an gane darasi. Idan kana son ƙara mata wani abu, ka sa ta rufe littafi ta faɗa maka abin da aka koya yau da bakinta, bayan kwana uku ka sake tambayarta, bayan mako ka ƙara. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farko-farkon koyo, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka yi a zama ɗaya zama a kai.

TAMBAYA: Malam, ni malama ce, ina riƙe da aji huɗu mai yara fiye da saba'in. Wasu sun iya karanta labari, wasu ko sunansu ba sa iya rubutawa, ga shi ana so in ƙare manhaja kafin jarrabawa. Idan na bi masu sauri na bar sauran, idan na tsaya wa na baya sai masu sauri su fara surutu. Ina mafita?

AMSA: Malama, Allah ya saka miki, domin masu yawan ɗora wa malamai laifi ba su taɓa tsayawa gaban yara saba'in da alli ɗaya a hannu ba. Gaskiya ne yawan yara yana tasiri. Gwajin da aka yi a jihar Tenesi ta Amurka daga 1985 zuwa 1989 ya kwatanta azuzuwa masu yara 13 zuwa 17 da masu 22 zuwa 25, aka ga na ƙananan azuzuwan sun fi ci gaba a karatu da lissafi, musamman 'ya'yan marasa ƙarfi. Sai dai wannan labari ne da ya kamata masu riƙe da kasafin ilimi su ji, ke ba zai rage miki ko yaro ɗaya gobe da safe ba.

Abin da ya fi kusa da halinki shi ne hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da ita, wato koyar da yaro daga inda ya tsaya maimakon daga inda littafin ajinsa ya ce ya kamata ya kai. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019 tare da Michael Kremer, suna cikin waɗanda suka gwada ta a makarantu da yawa suka ga tana aiki. Ana kiran kowane yaro shi kaɗai na 'yan mintoci, a miƙa masa takarda mai haruffa, da kalmomi, da gajeren sakin layi, da ɗan labari, a ga inda ya tuƙe. Sannan a raba ajin rukuni-rukuni bisa wannan, a ware awa ɗaya ko makamancin haka kullum kowane rukuni ya yi aikin da ya dace da shi, a kuma sake gwaji bayan 'yan makonni domin wanda ya motsa ya haura.

A aikace, za ki iya gwada yara goma a rana ki gama cikin mako guda da 'yan kai. Masu karanta labari ki ba su abin karantawa da tambayoyi uku a allo, su yi biyu-biyu. Masu kalmomi ki ɗora musu monita daga cikin ƙwararru, amma ki riƙa sauya shi don kada karatunsa ya tsaya. Ke kuma ki zauna da 'yan haruffa, domin su ne ba wanda zai iya musu sai ke. Ki guji sa wa rukunan sunan da zai nuna na sama da na ƙasa, ko da yake, a gaskiya, yara kan gane ko ba a faɗa ba. Wata dabarar kuma ita ce kowa ya rubuta amsa a ƙaramin allo ko bayan littafi ya ɗaga sama lokaci ɗaya, maimakon ki tambayi masu ɗaga hannu, waɗanda kullum su biyar ɗin nan ne na bencin gaba. Da kallo ɗaya za ki san ko kashi nawa suka gane. Game da manhaja, ki sami hedimasta da sakamakon gwajin a rubuce kafin ki fara, domin wanda ya ga adadin 'yan aji huɗu da ba su san haruffa ba da idonsa ya fi saurin ba da wannan awa ɗayar.

TAMBAYA: Malam, jikata ce nake riƙo, tana aji uku. Da can ita ke tashina da safe, amma yanzu kullum sai ta ce cikinta na ciwo, ranar da babu makaranta kuwa lafiyarta ƙalau. Fensirinta da abin gogewa kullum sai sun ɓata. Na tambaye ta, ta ce ba komai. Daga wata kaka.

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara girma. A fara kai ta a duba cikin don a fita daga shakka, amma ciwon da ke zuwa ranar makaranta ya tafi ranar hutu, ga kuma kayan da ke salwanta, ya fi kama da cin zali. Kada ku ɗauka ƙarya take yi, domin fargaba tana murɗa cikin yaro da gaske. Dan Olweus, wanda ya yi suna da binciken wannan matsala a ƙasar Norwe, ya bambanta cin zali da faɗan yara na yau da kullum da abu uku: da gangan ake yi, ana maimaitawa, kuma wanda ake yi wa ba shi da ƙarfin kare kansa. Rahoton UNESCO na 2019 ya ce kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya fuskanci hakan aƙalla sau ɗaya a cikin watan da ya gabaci tambayar da aka yi masa. Tsakanin 'yan mata sau da yawa ba duka ba ne, warewa ce: a hana kowa wasa da ita, a laƙaba mata suna, a tashi daga benci idan ta zauna.

Yaron da aka tsare da tambayar wa ya taɓa ka yakan yi shiru, don yana tsoron abin ya ƙaru. Ku bi ta gefe lokacin da hankalinta ke kwance: da wa kika zauna yau, da wa kika yi wasa da aka fita tara, wa ya fi kowa ba da dariya a ajinku, wa ake tsoro? Idan ta buɗe baki, kada ku ce ta rama, kada kuma ku tafi gidan su yarinyar da ake zargi cikin fushi. Ku sami malamar aji ku kaɗai, ku faɗa mata rana da wurin da abin ke faruwa, ku roƙi a sa ido a filin wasa, da hanyar banɗaki, da bakin ƙofa lokacin tashi, domin a nan ake yi, inda babu babba. Shirin yaƙi da cin zali mai suna KiVa, wanda jami'ar Turku ta ƙasar Finlan ta tsara aka kuma yaɗa a makarantun ƙasar daga 2009, ya fi mayar da hankali ga 'yan kallo, domin mai cin zali dariyarsu yake nema, kuma idan yara biyu ko uku suka koma gefen wadda ake zalunta sai kasuwarsa ta watse. Malama mai lura tana iya zaunar da jikarku kusa da irin waɗannan yara ba tare da kowa ya san dalili ba.

Ku dai yi ƙoƙari kada ta saba da fashi. Masana suna ɗaukar rasa kashi 10 cikin 100 na kwanakin makaranta a matsayin fashi mai illa, kuma a shekarar karatu mai kwana 180 wannan kwana 18 ne kacal, wato kamar kwana biyu a wata.

TAMBAYA: Malam, ni hedimasta ne. Wasu iyaye sun matsa a rage lokacin tara a ƙara darasin lissafi. Me ka gani?

AMSA: Ranka ya daɗe, ban goyi baya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara daga shekara 5 zuwa 17 suna buƙatar motsa jiki na kimanin minti 60 a rana, Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta sa wasa da hutu cikin haƙƙoƙin yaro a sashe na 31, kuma a makarantun Finlan an saba ba da hutun minti 15 bayan darasin minti 45. A filin nan ne yaro ke koyon jiran layi, da bin dokar wasa, da shiryawa bayan an ɓata. Idan lokaci kake nema, ka zagaya da agogo ka ga mintocin da ke zubewa tsakanin kaɗa ƙararrawa da fara darasi, da wajen kiran rajista, da dogon jawabin taron safe.

TAMBAYA: Malam, na daina zuwa taron iyaye da malamai, domin duk lokacin da aka kira mu maganar kuɗi ce kawai, kuma mutum huɗu ko biyar ne ke magana. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, me zan ce a can? Daga wani uba.

AMSA: Ɗan'uwa, kukanka yana kan hanya, kuma shugabannin makarantu ya kamata su ji shi, domin taron da ba a tuna iyaye sai rufin aji ya yaye dole ya koma kujeru babu mutane. Amma janyewarka ta bar wa mutum biyar ɗin nan yanke hukunci a kan ɗanka. Joyce Epstein ta jami'ar Johns Hopkins ta rarraba haɗin kan gida da makaranta zuwa kashi shida, kama daga tarbiyya da taimakon karatu a gida har zuwa shiga cikin yanke shawara da jawo sauran jama'ar gari, kuma mafi yawansu ba sa buƙatar takardar shaida. Uban da ke tabbatar da yaro ya kwanta da wuri, ya isa kafin a rufe ƙofar latti, ya kuma buɗe masa jaka da yamma ya ga ko malami ya duba aikin jiya, ya riga ya shiga harkar makaranta. Mai sana'ar hannu yana iya gyara benci, ko ya shiga aji rabin awa ya nuna wa yara yadda ake awo da tef, wanda darasin lissafi ne sukutum. Iyayen da suka raba kwanaki suna tsayawa a bakin titi lokacin tashi sun ɗauke wa malamai wani nauyin.

Ka koma taro mai zuwa, ka nemi a sa maganar karatu a ajanda kafin ta kuɗi. Ka tambayi yara nawa ne a aji uku suke iya karanta labarin da ba su taɓa gani ba, da yadda aka gano hakan. Ka tambayi kwana nawa aji ya zauna babu malami a zangon nan, ko banɗakin 'yan mata yana da ƙofa da ruwa, da kuma wanda yaro zai kai wa ƙara idan an zalunce shi. Kuɗin da aka tara a baya ma ka nemi a karanta yadda aka kashe shi, a kuma manna takardar a inda kowa zai gani. Idan kana jin nauyin miƙewa cikin jama'a, ka haɗa kai da iyaye biyu ko uku tun kafin ranar, ɗaya ya yi tambayar, sauran su mara masa baya, sannan ku nemi sakatare ya rubuta amsar da ranar da za a dawo da bayani.